Cizon Gwaiba a Ranar Sallah

Da sunan Allah nake buɗe baki. Sunana Tabawa. Allona bai yi nisa ba, boko kuwa ko ƙofarsa ban sani ba, don haka Saude 'yar ƙanena ce take rubutawa ina faɗa. Na gaya mata in kuka ya zo mini ta ajiye alƙalami ta jira, zai wuce, kullum yana wucewa.

Abin da ya tayar da maganar, kwanakin baya ina zaune a bakin tashar Ɗambatta na ji wasu 'yan mata biyu suna hira a bayana. Ɗaya ta ce, "Ni in komai ya ƙi, ai sai in nemi faifai in kasa mangwaro. Wannan har sana'a ce? Itace ya haifa, ke ki zauna." Ban juya ba. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin na fi shekara hamsin a wannan zama da take faɗa, kuma har yau ban tuna ranar da na zauna ɗin ba.

Aikin farko da aka ba ni shi ne shimfiɗa ganye a kwando. Kakata ta wajen uwa, Iya Kande, ita ta koya mini sana'ar, kuma shekara guda cur ba ta bar ni na taɓa kaya ba sai ganye. Ganyen kalgo ake sawa, a jera shi baki na hawa baki, don kada saƙar kwando ta ci fatar kaya. In na gama sai ta zura hannu ta shafa. In ta ji tsinke ɗaya, ta zazzage ta ce in sake. Daga nan na koyi jeri, mai tauri a ƙasa, mai laushi a sama. Mangwaro kuma ba a tsinko shi a jefa kwando, sai an kifa hancinsa a kan yashi ya tsiyaye ruwan nan mai ƙona fata. Na koyi nuka kaya a rami da busasshiyar ciyawa, da yawan kwanan da kowane iri yake so. Na koyi riƙon maƙata, doguwar gorar nan mai ƙugiya a ka, yadda ake murɗawa ba fizga ba, domin mai fizga reshen baɗi take karyawa. Kowane lokaci da kayansa. Kanya da magarya da sanyi, mangwaro da ɗorawa da bazara, gwaiba da ɗinya in damina ta fara ja da baya. Goruba da tsamiya su ne masu haƙuri, su suke riƙe mutum in komai ya ƙare.

Masu saye kuma kowa da halinsa. Akwai mai latsa kaya da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, sai ya lalata kashi uku sannan ya ce duk sun yi laushi. Akwai mai karɓar ɗanɗano har ya ƙoshi, ya yi hamdala, ya yi miki addu'ar ciniki ya wuce. Akwai wadda za ta fi daɗewa a kan gyara fiye da yadda ta daɗe a kan cinikin. Amma duk wanda ya yi shakkar kayanki, maganinsa ɗaya ne, ki ɗauka ki ciza a gabansa. Ban taɓa jin Iya Kande ta rantse a kasuwa ba. Cizo take yi.

Sai dai asalin sana'ar ba a kasuwa yake ba, a gindin itace yake. A wajenmu, tsakanin Ɗambatta da Kunci, gona tana jikin gona, kuma kowane itace da mai shi. Wani lokaci ma gonar ta wani ce, itacen na wani. Mu ba mu da ko ɗaya. Abin da muke yi, in itatuwa suka yi fure sai a zaga a duba, a ce wa mai shi, "Bana ina so." Wannan kamu ne kawai, ba ciniki ba, saboda malamai sun hana sayar da 'ya'yan itace kafin su fara nuna. In sun fara sai a koma. Mai itace ya tsinko guda da hannunsa ya miƙa, mai saye ya ciza a gaban shaidu, ya haɗiye, ya ce, "Ya nuna." A nan ne mai itace zai ce ya sallama. In ba a yi cizon nan ba, ba a yi komai ba. Wanda kuma aka miƙa wa ya ƙi karɓa ba dalili, ya zagi itacen, ya zagi mai shi.

Mijina, Allah ya jiƙansa, sunansa bai taɓa fita daga bakina ba yana raye, ba kuwa yanzu zan fara ba. Malam nake ce masa. Lokacin da aka kai ni gidansa jaki ɗaya gare shi da mangala, yana dakon kayan mutane, ana ce masa Mai Jaki. Ni na ja shi cikin sana'ar. Kulle na matan masu rumbu ne, mu tare muke fita, shi da jaki da maƙata, ni da kwando da gammo. Ban ga mai hawa itace kamarsa ba. Yana iya tsinke gindin mangwaro kaf, ba a sami guda da ya taɓa ƙasa ba.

Yana da lalura biyu. Ta farko kowa ya santa. Da zarar mangwaro ya fara fure, ko darbejiya ta zuba farin furenta da bazara, Malam ya shiga atishawa ke nan. Ido ya yi ja, hanci yana zuba, yana tafe yana share hawaye kamar wanda ya dawo daga jana'iza. Shi yana "Alhamdu lillahi," ni ina "Yarhamukallah," tun daga ƙofar gida har gona. Wani malami ya taɓa ce mini bayan ta uku an ɗauke mini amsawa. Na ce na gode, amma ban daina ba. Abin ma ya yi mana rana. In muka tsaya gindin itace ya yi atishawa biyu, sai mu wuce. In ya yi ta yi har hularsa ta faɗi, wannan sai mu kama shi, bana zai zuba 'ya'ya.

Ta biyun ita ce muka ɓoye. A watanmu na farko na gano ta. Na yanka masa mangwaro, ya ce ya ƙoshi. Washegari ma ya ƙoshi. Na ɗauka hannuna ne ba ya so, na yi fushi. Sai ya karɓa ya ciza, ya ce in tsaya in gani. Kafin in wanke wuƙa ya fara goga harshe a ganɗa, yana kakari, yana sa yatsa a kunne yana sosawa. Leɓensa ya kumbura suntum.

Ya ce, "Kin gani. Tun shekarar da atishawar ta same ni nake haka. Duk ɗanyen ɗan itace."

Na ce, "Kuma ka rasa wadda za ka aura sai mai kayan itace?"

Ya ce, "Ai ba kayan na aura ba."

Abin mamaki, in na dafa ɗinya na yi maɗi, sai ya sha har ya lashe ludayi, ba abin da zai same shi. Tuwon magarya da aka turara, rabin tukunya nasa ne. Ba mu san dalili ba, ba mu kuma nema ba.

Cinikinmu na farko tare, gindin kanya ne na wani tsoho. Ya tsinko ya miƙa wa Malam, domin shi ne namiji. Na ga hannun Malam ya tsaya a hanya. Sai na ji ya ce, "Baba, azumi nake yi. Ba wa iyalina." Tsohon ya ce masha Allah, ya miƙo mini, na ciza, aka sallama. Da muka isa gida na dama fura na kawo, ya ture ƙwaryar.

Ya ce, "Na ce wa dattijo ina azumi. Sai rana ta faɗi."

Na ce, "Ai ba ka ɗauki niyya ba."

Ya ce, "Na yau ya wuce. Na gaba da niyya zan fita."

Haka kuwa aka yi. Duk ranar da za a yi cizo, da duk ranar kasuwa, da azumi yake wayar gari, don kada a miƙo masa ya yi ƙarya. Mu kuma kasuwa uku muke ci a mako. Shekara goma sha takwas mutumin nan yana hawa itace da tsakar bazara ba ruwa a bakinsa. Mutane suka lura. Mai Jaki ya koma Malam Mai Azumi. Aka fara kawo masa ruwa a kwano ya tofa wa marasa lafiya. Ya ce musu shi karatunsa bai wuce na sallah ba, suka ce ka ji ƙanƙan da kai irin na bayin Allah. Har liman ya taɓa kafa misali da shi a gaban jama'a, yana zaune a sahu na uku yana atishawa. Ni kuma nawa aikin cizo ne. Haƙoran nan da kuke ganin babu su, a bakin aiki suka tafi.

Sai shekarun fari suka zo. A ta farko gero ya yi rabi. A ta biyu ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Rijiyoyi suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Abin da muke sayarwa na marmari ya koma abincin kowa, ba mai sakin itacensa, domin shi ma da shi zai ciyar da gida. Wanda bai yi 'ya'ya ba aka sare rassansa aka ba dabbobi. Muka ci tafasa, muka ci dusa. Jakinmu ya rame har mangala tana juyawa a bayansa. Ga 'ya'ya huɗu a gida, ga mahaifiyar Malam ta tsufa ba ta tashi. Malam ya fi kowa shan wuya, domin kowa yana iya tsintar aduwa a hanya ya tsotsa ya yaudari ciki, shi sai an sami ruwa da itacen wuta an dafa.

Wuri ɗaya ne ya yi 'ya'ya sosai a shekarar nan, lambun Alhaji Ɗanlami a fadama. Gindin gwaiba ne jere, kuma rijiyarsa ba ta ƙafe ba. Duk wanda ya sami lambun nan gidansa ya tsallake shekarar, domin motocin birni suna tsayawa a bakin titi suna neman gwaiba, daga can kuma hatsi yake zuwa. Shekara da shekaru wani dillali mai suna Tanko ne yake ɗaukar lambun. Mu ba mu taɓa ko tambaya ba, ba sa'anmu ba ne. Sai ga aike wai Alhaji yana neman Malam.

Da ya je, Alhaji ya ce masa, "Malam, shekarar nan ta tsorata ni. Bana ina so bakin mai tsoron Allah ya buɗe mini lambu. Na ba ka. Amma kai za ka ciza, ba iyalinka ba. Na san halinka, kullum azumi, shi ya sa na zaɓi ranar da Allah da kansa ya hana ka. Ranar Babbar Sallah, in an sauko daga idi." Malam ya ce mini Alhaji har dariya ya yi, ya ji daɗin dabararsa.

Ya dawo gida ya zauna a kan turmi.

Na ce, "Ka koma ka gaya masa gaskiya."

Ya ce, "In ce masa me? In ce shekara goma sha takwas ina tofa wa mutane ruwa saboda ƙaiƙayin maƙogwaro?"

Na ce, "To kada ka je."

Ya dubi tukunyar da ke kife a bakin murhu, kwana biyu ba a ɗora ta ba. Ya ce, "Cizo ɗaya ne, Tabawa. Na taɓa yi ban mutu ba."

Na ce, "Wancan ni kaɗai na gani."

Ranar Sallah gida biyu ne suka yi layya a duk unguwarmu. Lambun ya cika da mutane, domin an ji Alhaji ya yanka rago, kuma kowa yana so ya ga bakin Malam yana motsi da rana. Tanko dillali yana gefe ya naɗe hannu a ƙirji. Ni ina can bayan maza da kwanduna, na riga na shimfiɗa musu ganye. Alhaji ya zaga ya zaɓo wata ƙatuwar gwaiba mai jan ciki, ya goge ta a babbar rigarsa, ya miƙa da hannu biyu. Malam ya yi bismillah ya ciza. Ya tauna, ya haɗiye, ya ce, "Ta nuna."

Da Alhaji ya ce ya sallama a nan take, da mun sunkuyar da kai mun fice. Amma sai ya ce, "Malam, yi mana addu'a tukuna." Kowa ya ɗaga hannu ya runtse ido. Malam ba shi da doguwar addu'a, amma duk inda ya nemi tsayawa sai jama'a su ce amin da ƙarfi, su jira ta gaba. Shekara ce da kowa yake da abin roƙo. Tun ana tsakiya na ji muryarsa ta fara dishewa. Ya yi kakari sau biyu. Da aka shafa, kowa ya buɗe ido, leɓen Malam na sama ya rufe na ƙasa.

Tanko ne ya fara magana, a hankali, kamar mai ta'aziyya.

Ya ce, "Jama'a, ni dai ban ce komai ba. Amma mun sani bakin bayin Allah ba ya karɓar abin da yake da shubuha."

Wani daga baya ya ce, "Dama rijiyar kowa ta ƙafe ban da wannan."

Wani ya ce, "Sai dai in wani abu aka binne."

Na ga mutanen da suka riga suka cusa gwaiba a aljihu suna zaro ta suna saki ƙasa a hankali. Mutanen da ba su ci komai ba tun safe. Fuskar Alhaji ta canza. Ya ce, "Malam, me na yi maka? Na kira ka neman albarka, sai ka kashe mini lambu a gaban jama'a?"

Na ga inda maganar za ta tsaya. Tanko zai ɗauki lambun a wulaƙance, ya kai birni inda ba a ji labari ba. Alhaji ya rasa sunansa, mu kuma mu koma dusa. Ban san lokacin da na keta cikin maza ba. Na karɓe gwaibar da Malam ya ciza, na cinye ta har 'ya'yan. Na tsinko wata a itacen na ci. Na ci ta uku. Gaskiyar magana tun jiya ban sa komai a ciki ba, ban taɓa ba da shaida mai daɗinta ba. Na buɗe baki na ce, "Ku duba."

Tanko ya ce, "Haba Tabawa. Ke ai ko dutse aka miƙa miki za ki ce ya nuna. Maganar bakin waliyyi ake yi."

Aka yi dariya. Kuma gaskiyarsa. Muddin Malam waliyyi ne, ko lambun duka na cinye ban wanke Alhaji ba. Na juya na dubi mijina. Sirrin ba nawa ba ne in faɗa.

Ya miƙe tsaye yana dafa gindin itace. Maganar da kyar take fita, sai da mutane suka matso.

Ya ce, "Alhaji, gwaibarka lafiyarta lau. Ni ne ba ni da lafiya. Ni ba waliyyi ba ne. Ƙaiƙayi ne."

Ya faɗi komai, da atishawar, da ɗanyen ɗan itace, da tsoho mai kanya, da inda azumin ya samo asali. Ya ce, "Duk wanda na tofa wa ruwa ya yafe mini. Fatiha ce kawai nake karantawa, ita kuwa kowa yana da ita a gidansa."

Tanko ya ce, "Allah sarki. Ku ji yadda yake rufa wa Alhaji asiri."

Alhaji bai dube shi ba. Ni ya duba, ya ce, "Da me zan gane?"

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, a ba shi ɗanyen na gonar kowa, haka zai yi. A dafa masa wannan taka kuma, tukunya guda zai cinye."

Ya ce, "Jibi, in bakin ya sauka. A nan, a gaban mutanen nan."

Bakin ya sauka tun kafin magariba. Jibi da hantsi na haɗa duwatsu uku a gindin itacen da aka tsinko ta farko, na yanyanka gwaiba takwas na dafa har ta yi tiɓis. Malam ya zauna a tsakiyar mutane ya cinye, ya shanye ruwan. Aka zauna ana kallon leɓensa kamar masu duban wata. Aka tashi aka yi azahar, aka dawo aka ci gaba da kallo. Ba abin da ya motsa. Sai liman ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗinya guda, ya ce da hannunsa ya tsinko ta da safe a gonar da ya gada wajen mahaifinsa. Malam ya dube ta, ya dube ni, ya gutsura kaɗan. Ba a jima ba yatsa ya koma kunne, kakari ya dawo.

Liman ya ce, "To jama'a, ko dai gonata ma haram ce, ko kuwa mutumin nan gaskiya ya faɗa. Ku zaɓa."

Ba wanda ya zaɓi na farko. Da aka waiga neman Tanko, an ce ya tafi duba wata akuya.

Alhaji ya tashi ya tsinko gwaiba, ya goge a riga. Ya ce, "Na nemi bakin waliyyi ban samu ba. Na sami wanda ya zubar da sunansa don ya tsamo nawa. Tabawa, zo ki ciza." An ce bai taɓa ciniki da mace ba sai ran nan. Na ciza na ce ta nuna. Ya ce ya sallama.

Mako biyar muna tsinka. Malam a sama, ni a ƙasa ina jeri, jaki yana kaiwa bakin titi a hankali, muna tsayawa yana hutawa. Gwaiba ba ta jira kamar goruba, wadda aka tsinka yau dole ta hau mota yau, don haka ba a tsinkar fiye da abin da jaki zai iya. Da ita muka sami hatsin da ya kai mu damina. Ba mu binne kowa a gidanmu ba a shekarar nan. Maƙwabta da yawa ba su iya faɗin haka ba.

Sunan kuwa ya tafi bai dawo ba. Malam Mai Azumi ya koma Malam Ƙaiƙayi, har ya rasu haka ake kiransa, yana amsawa. Kwanonin ruwa suka daina zuwa. Wasu sun yi wata da watanni ba sa gaishe shi, musamman waɗanda suka riga suka ba da labarin cewa tofinsa ne ya warkar da su.

Amma wasu irin mutane suka fara zuwa, ɗaya-ɗaya, suna rage murya. Matar wani maƙeri ta same ni a kasuwa ta ce, "Iya, wai da gaske in an dafa ba ya yi?" Ita ma haka bakinta yake yi, an ce mata sammu ne, ta sha rubutu har ta gaji. Wani mahauci ƙato, wanda kowa ke tsoro, ya ce shekarunsa ashirin bai san daɗin mangwaro ba. Na tambaye su, in itatuwa sun yi fure kuna atishawa? Kusan duk suka ce e. Daga nan na ƙara faifai na biyu, na maɗi da tuwon magarya da dafaffiyar gwaiba. Wannan ba a cikin abin da Iya Kande ta koya mini yake ba. Kuma tun daga lokacin, in na miƙa ɗanɗano mutum ya kau da kai, ba na matsa masa, ba na kuma cewa ya raina mini kaya. Faifai na biyu nake turo masa.

Bayan shekaru wani malamin asibiti da yake sayen maɗi a wajena ya yi mini bayani. Ya ce jikin mai atishawar fure yakan ɗauki ɗanyen ɗan itace kamar garin furen nan ne, sai ya tashi faɗa da shi tun daga baki. In wuta ta taɓa shi sai ya sauya, jiki ya kasa gane shi. Ya ce ba kowa dahuwa take yi wa aiki ba, kuma duk wanda numfashi ya fara sarƙe masa, a yi asibiti da shi a guje, kada a tsaya gwaji. Na ba shi labarin lambun Alhaji. Na ce ashe sa'a muka ci. Ya ce sosai ma.

To, ke mai neman faifai, in komai ya ƙi miki, ki zo ina nan bakin tasha. Da ganye za mu fara.

Abu ɗaya ya rage. Bayan an gama tsinkar lambun, wata Litinin na dama fura na kawo wa Malam, ya ture ƙwaryar. Na ce, "Yanzu kuma na mene ne, bayan duk gari ya sani?"

Ya ce, "Wancan na mutane ne. Yanzu nake so in yi na Mai shi."

Litinin da Alhamis bai fasa ba har ƙarfinsa ya ƙare, kuma ba wanda ya sani sai ni. In an miƙa masa wani abu a kasuwa, ko da gyaɗa ce ko fura, sai ya nuna maƙogwaro ya ce, "Ƙaiƙayi." A yi dariya a ƙyale shi.

Bana shekararsa tara a ƙasa. Darbejiyar ƙofar gidanmu tana nan, na hana a sare ta, ko da yake shi ya sha roƙona a sare. Duk bazara sai ta zuba furenta har ya rufe dakali. Ina zama a wurin tun safe, amsar tana bakina a shirye, ba wanda ya yi atishawa.

Saude, ajiye alƙalamin.